Yadda Taurarin Kudu Suke Sauya Mazauni

Duk wanda ya fuskanci kudu a Kano da dare, cikin watan Afrilu ko Mayu, zai hangi wasu taurari huɗu dab da ƙasa, sun jeru kamar gicciye. Turawa na kiransu Gicciyen Kudu, har ma ƙasashen Ostareliya da Barazil sun sanya su a tutocinsu. Matafiya a teku sun daɗe suna gane kudu da su, domin sararin kudu ba shi da tauraro mai haske da ke tsaye wuri ɗaya kamar na arewa.

Mutum zai zaci haka taurarin nan suke tun fil azal, alhali kuwa mazauninsu na sauyawa. Sauyi na farko na shekara ne: saboda zagayen da duniya ke yi wa rana, kowane tauraro yakan riga lokacin fitowarsa na jiya da kimanin minti 4. Shi ya sa taurarin bazara suka bambanta da na kaka.

Sauyi na biyu ya fi ƙarfin rayuwar mutum guda. Duniya tana juyawa ne tana layi kamar katantanwa, kuma layin nan yakan cika zagaye ɗaya a cikin shekara kusan 26,000, watau daraja ɗaya a kowace shekara 72. Wani masani Bagirke, Hifarkus, shi ya gano haka a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa.

Gicciyen Kudu shaida ne a kan wannan. Mutanen Girka na dā suna ganinsa, kuma Batlamus ya lissafa taurarinsa a Iskandariyya wajen shekara ta 150. Sannu a hankali suka nutse, har Turawa suka manta da su. Sai a 1455 wani matuƙin jirgin ruwa mutumin Benis, Kadamosto, ya gan su a bakin kogin Gambiya, ya bayyana su a rubuce.

Wannan layi ya shafi malaman hisabi ma, waɗanda ke ƙidayar damina da fitowar taurari. Ranar fitowar tauraro tana jinkirta da kusan kwana ɗaya a shekara 72. Ke nan jadawalin da ya shekara 700 ya goce da wajen kwana 10, sai an gyara shi kafin manomi ya dogara da shi.