Tafiyar Asuba Tun Jiya Ake Shirya Ta

Da zarar an gama girbin gero an zuba dammuna a rumbu, sai samarin Gaffati da ƙauyukan kewayenta su fara ɗaure kayan cin rani. Wani Yamai ya nufa, wani Agadas, wani Kano. Duk inda za a je, sai an bi ta Damagaram, domin can manyan hanyoyi suka haɗu. Ta yamma ta bi Tasawa, Maraɗi, Ƙonni, Dogon Dutse da Doso har Yamai, tafiyar kusan kilomita 900. Ta gabas ta ratsa Mirya da Gure zuwa Difa. Ta arewa ta nufi Tanut da Agadas, ta kudu kuma ta bi Matamai ta shiga Najeriya ta wajen Daura.

Abu na farko da baƙo ya kamata ya sani shi ne, manyan motocin da muke kira kar ba wuri guda suke lodi ba. Kamfanoni irin su Rimbo, Al Izza da STM, kowanne da tasharsa, da wurin sayar da tikitinsa, da lokacin tashinsa. Ƙananan motocin haya kuma nasu tsarin daban, sai mota ta cika take tashi. Wanda ya ce wa ɗan kabu-kabu ko mai adaidaita "kai ni tashar Yamai" kawai, ya bar masa zaɓi ke nan. Faɗi sunan kamfanin, ku kuma yanke kuɗi kafin ka hau.

Bara wani kawuna ya sha ta dubu. Ya isa wata tasha cikin duhun asuba, buhun gero a kai, ga ƙullin kuɓewa busasshiya da zai kai wa 'yarsa. Tun bai sauke ba wani yaro mai tsabtar riga ya tare shi: "Sannu Baba, kawo kayan. Kujera ɗaya ta rage, ba ni kuɗin in karɓo maka." Ya kwance lalitarsa ya ƙirga masa. Yaron ya dawo da wata 'yar takarda, ya ce ya jira a kira suna. Aka kira sunaye har aka gama, mota ta tashi, kawu na tsaye. Takardar tsohon tikitin wani ce. Da ya kai kuka, tambaya ɗaya aka yi masa: "Baba, a hannun wa ka biya?"

Wannan tambayar ita ce kan zancen. Kuɗin mota a tagar mai sayar da tikiti ake biyansa, kuma tun ana gobe tafiya, ido na ganin ido. A duba suna, da rana, da garin da za a sauka. Wanda bai iya karatu ba ya sa wani ya karanta masa a nan take. A kuma kula da lissafi: takarda da tamma take magana, mu kuwa da dala muke ƙirga. Tamma 1,000 ita ce dala 200, wato jaka guda. Idan an faɗi kuɗi, tambayi jaka nawa ke nan.

Kaya ma haka. Buhu ko akwatin da za a sa a cikin mota, a rubuta masa suna da lambar waya, a karɓi takardar shaidarsa a adana tare da tikiti. Kuɗi, waya da katin ɗan ƙasa kuwa a jiki suke kwana. Akwai shingayen jandarma da 'yan sanda a hanya, kuma marar kati shi ake saukewa, ya ɓata wa kansa lokaci ya ɓata wa jama'a.

Sai babban gargaɗi: kada ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba. "Don Allah riƙa mini wannan, ɗan'uwana zai karɓa a Maraɗi." Idan 'yan duwan suka buɗe suka tarar da ƙwaya, wanda aka samu da kaya shi ne mai kaya. Mai saƙo ya kai wa kamfani, suna da wurin karɓar saƙonni.

Ga masu hawa ƙananan motoci, araha ba ta ado. Motar da aka yi wa lodi har ta karkace, ga tayoyi sun suɗe, a bar ta ta wuce, ko da ɗan kamasho ya rage kuɗi. Direba in yana gudun wuce sa'a ko yana gyangyaɗi, fasinja na da bakin magana, domin ransa ne a ciki. Idan hatsari ya auku, lambar 'yan sanda 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18.

Iyaye, in yaro zai fita karon farko, a haɗa shi da wanda ya san gari, ya kwana a Damagaram da tikitinsa a aljihu. Kawu dai ya je Yamai washegari, bayan ya sayar da rabin geron da ya ɗauko ya sake biyan kuɗin mota.