Ayoyi Masu Nauyi Da Kiristocin Fadaman Mada Ke Ji A Makon Ista

BAUCHI: Kowace shekara idan makon Ista ya kama, Kiristocin unguwar Fadaman Mada sukan cika majami'u don sauraron karatu daga Littafi Mai Tsarki. Amma fa ba duk karatun ne ke da daɗin ji ba. Akwai wuraren da idan mai karatu ya iso gare su sai majami'a ta yi tsit, iyaye kuma su rasa amsar da za su ba 'ya'yansu in an koma gida.

A tsarin Katolika, ran Alhamis da yamma akan karanta Fitowa sura 12, inda aka yanka ɗan rago aka shafa jininsa a dogaran ƙofa, a daren da 'ya'yan fari na Masar suka mutu. Ran Jumma'a sai Ishaya 53, watau labarin bawan Allah da aka azabtar saboda laifin wasu. Daren Asabar kuwa sai Farawa 22, inda Ibrahim ya ɗaure ɗansa Ishaku ya ɗauki wuƙa, kafin a tsai da shi a ba shi rago. Wannan labari ba baƙo ba ne ga maƙwabtansu Musulmi, masu tuna shi da layya, ko da yake a wurinsu yaron Isma'ila ne.

Akwai ma waɗanda suka fi waɗannan nauyi. A Mahukunta 11, Yefta ya yi wa'adi da garaje, 'yarsa tilo ce ta biya. A Joshuwa 6 an karkashe mutanen Yariko, babba da yaro. Zabura 137 kuwa ta ƙare da fatan a fyaɗa jariran Babila da dutse.

Tun shekarar 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda Likita Walter Miller na Wusasa ya taka babbar rawa wajen fassara shi, waɗannan ayoyi suke hannun kowa. An kuma fito da sabuwar fassara a 1979. Saboda haka ba mai iya ɓoye su.

Damuwar kuwa daɗaɗɗiya ce. Wajen shekara ta 144, wani mai suna Markiyon ya ce a watsar da Tsohon Alkawari ɗungurungum, domin a ganinsa ba Allahn Yesu ne ke magana a ciki ba. Ikilisiyar Roma ta kore shi, ta riƙe littafin yadda yake.

Hujjar malaman Kirista ita ce, wanda ya tsallake wuraren jini ba zai gane gicciye ba. Bisa ga koyarwarsu, zunubi bashi ne mai nauyi, hadayun dabbobi kuma ishara ce kawai, kamar yadda Ibraniyawa sura 9 da 10 suka yi bayani. A kan dutsen Moriya an sami rago, ɗan Ibrahim ya koma gida. A Golgota kuwa ba a sami rago ba, domin a bangaskiyarsu Yesu ne ragon. Mai karɓar ceto kyauta yake karɓa, amma akwai wanda ya biya da ransa.

Wani fasto Bajamushe, Dietrich Bonhoeffer, ya wallafa littafi a 1937 yana gargaɗi a kan mai da alherin Allah abin araha, watau neman gafara ba tare da tuba ba. Gwamnatin Hitler ta rataye shi ran 9 ga Afrilu 1945. A ƙasar nan ma, daga cikin Turawa uku da suka fara aikin mishan na SIM a 1893, biyu, Walter Gowans da Thomas Kent, sun mutu a 1894. Daga wannan aiki ne aka sami ECWA a 1954.

Ga mutanen Bauchi maganar ta wuce ta littafi. Rikicin Tafawa Balewa na Afrilu 1991 ya shigo har cikin gari. Fadaman Mada kanta ta ga tashin hankali a Yuli 2009, lokacin da jami'an tsaro suka yi arangama da 'yan Boko Haram. A 2012 kuma an kai harin bam a majami'a a Yelwa cikin Yuni, sannan a babbar majami'ar St. John cikin Satumba.

A nan ne haɗarin yake. Saurayin da ya binne ɗan'uwansa zai iya buɗe Joshuwa ya ga kamar an ba shi izinin ramuwa. Amsar da koyarwar Kirista ke ba shi ita ce, Zabura 137 kukan bayi ne da suka kai ƙara wurin Allah, ba su ɗauki makami ba. Bugu da ƙari, Luka 23 ta nuna Yesu a kan gicciye yana roƙa wa masu kashe shi gafara.

Saboda haka tsadar ceto takan biyo mai bi har ƙofar gidansa. An ce haƙuri maganin zaman duniya, amma wanda aka kashe wa nasa ya san farashinsa. A unguwa irin Fadaman Mada, inda Kirista da Musulmi ke cin kasuwa ɗaya, yadda aka karanta waɗannan ayoyi ran Jumma'a yana iya shafar zaman lafiyar ran Litinin.