Hoton Baiko A Kan Tudu Cikin Hunturu

 Ga hunturu ya kama, gero da dawa sun shiga rumbu, kuɗi sun zo hannun iyaye, saboda haka duk unguwar da kika bi a Tambuwal ko Dogon Daji ko Kebbe, sai ki ji ana maganar baiko da sa rana. To, a 'yan shekarun nan an ƙara wani abu a kan al'adar da muka tarar, watau saurayi da budurwa su ɗauki mai hoto su fita bayan gari, su hau tudun marmara, a yi musu hotuna kafin aure. Mu dai ta waya muka ga abin. Ban zo in ce miki kada ki yi ba, don na san ko na faɗa wasu sai sun yi. In za a yi, a yi shi da shiri.

Bari in fara da lokaci. Daga Disamba zuwa Janairu iskar arewa maso gabas takan kwaso ƙura tun daga hamadar Chadi ta zube mana. Wannan hazo yana da amfaninsa, domin yana rage kaifin rana, fuska ta fito ba tare da inuwa ta ɓata ta ba. Amma in ya yi kauri, sararin sama sai ya zama fari fat, tudun da kuka sha wahalar hawa ba zai fito ba sam. Saboda haka kada a tsai da rana ɗaya tak, a ajiye ta biyu. A Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, kuma ɗari kan sa ido hawaye, hanci ya yi ta zuba. Ni dai na fi son bayan la'asar, daga 4.30 zuwa 6. A sa'an nan rana tana kudu maso yamma, in kika fuskance ta iska tana bayanki, ba za ta cika miki ido da ƙasa ba. Ki tabbata kun sauko kafin magariba.

Batun tufa kuwa, ki bar farin leshi a akwati. Kafin ki kai saman tudu ya zama ruwan ƙasa, ga ƙarangiya ta kama gefen zane. Shuɗi ko kore sun fi fitowa a kan jan dutse. Ki kama mayafi da fil, ki sa takalmi maras tsini, don tsakuwar marmara tana gangarewa da mutum. Kuma tun saura mako guda ki riƙa shafa man kaɗanya a fuska da leɓe da diddige, gama hoda ba ta rufe kaushi, ƙara tona shi take yi. Kuɗin mai hoto da yawan hotunan, a yanke su tun a gida. Ku da ke wajen Kebbe, kun fi ni sanin halin da dajin yankin ya shiga na 'yan bindiga, to kada a wuce inda ake hango gari don neman wuri mai kyau.

Duk wannan mai sauƙi ne. Ga inda nake so ki ba ni hankalinki, musamman ku 'yan makaranta.

Baiko ba aure ba ne. An kai goro, an kai kuɗin gaisuwa, har ma an sa rana, amma muddin ba a ɗaura ba, wannan saurayi ba mijinki ba ne, kuma kowa ya san ana fasawa. Iyayenmu da suka je gidan mai hoto a zamanin fim, kati biyu ko uku ake wanke musu, in abu ya lalace a aika a karɓo, a yaga, magana ta mutu. Hoton waya ba ya karɓuwa. Da ya shiga WhatsApp, kafin isha'i yana Sakkwato, yana Jega, yana hannun wanda ba ki taɓa gani ba.

Na ga wannan da idona. Wata yarinya da na koyar, mai natsuwa ƙwarai, ta fita da saurayinta da abokinsa ba da sanin uwarta ba, mai hoto ya ce su jingina da juna, ta ji kunyar ta ƙi. Bayan wata biyu iyaye maza suka saɓa a kan maganar lefe, aka warware baikon. Da wani ya fito nemanta, gwaggonsa ce ta buɗe waya ta nuna hoton a tsakar gida, mutanen suka janye ba su ce kome ba. Shi kuwa saurayin farko ya yi aurensa, babu wanda ya tambaye shi. Haka abin yake, ke mace ce hoton zai bi.

Saboda haka kada ki fita sai an sa rana, sai kuma inna ta sani, ta gaya wa baba. Ki tafi da yayarki ko gwaggo, ba ƙawa tsararki ba, domin ƙawa dariya za ta yi a inda gwaggo za ta ce a'a. In mai hoto ya ce ki matso, ki ce masa nan ma ya yi, ai kuɗi kuka biya shi. Ki gaya masa a gaban shaida cewa ba ki yarda ya sa fuskarki a Facebook ko Instagram don tallar sana'arsa ba, sa'an nan hotunan su zauna a wayarki ke kaɗai sai ranar ɗaurin aure. In saurayi ya yi fushi don kin ce haka, to kin san wani abu game da halinsa tun ba ki shiga ɗakinsa ba.

Ku kuma iyaye mata, rufe ƙofa kawai ba ya hana 'yar yau, sai dai ta fita a ɓoye, kamar ɗalibar nan tawa. Gara ki zauna da ita ku zaɓi atamfar tare, ki faɗi wanda zai raka ta, in sun dawo ki ce ta miƙo wayar ki duba hotunan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ba za ki iya nuna wa mahaifinta ba, a goge shi nan take, a kuma aika wa mai hoton ya goge nasa.