Doctor Who: Shirin da ya shekara 60 yana sauya jarumi, kujerar tana nan daram

A watan Oktoban 2013, BBC ta sanar da cewa an gano kashi tara na shirin Doctor Who da aka daɗe da fid da tsammanin sake gani. An same su ne cikin gwangwanayen fim a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin da ke Jos, a Jihar Filato. Philip Morris, wanda sana'arsa ita ce bin sawun tsoffin finafinai a ƙasashen waje, shi ya tono su. Dukkansu na shekarun 1967 da 1968 ne, kuma jarumin cikinsu shi ne Patrick Troughton, mutum na biyu da ya fito a matsayin Dakta.

Murnar masoya shirin tana da dalili. Troughton ne aka fara gwajin sauyin jarumi a kansa, kuma da gwajin ya ci tura, da shirin bai ga shekara ta biyar ba. Yau ya haura 60, 'yan wasa fiye da goma sha biyu sun hau kujerar sun sauka, mai kallo kuma bai fasa yarda cewa mutum guda yake kallo ba.

Larurar da ta haifi dabara

An fara nuna Doctor Who ranar 23 ga Nuwamba, 1963, kwana ɗaya bayan kisan Shugaba Kennedy na Amurka. Ƙirƙirarren labarin kimiyya ne a kan wani baƙo daga wata duniya, wanda ake kira Dakta kawai, mai ratsa sararin samaniya da zamunna cikin wani jirgi da ake kira Tardis. Daga waje jirgin ya yi kama da shuɗin ɗakin wayar 'yan sandan Birtaniya, daga ciki kuwa ya fi fada girma. William Hartnell, mai shekara 55, shi ne Dakta na farko: dattijo mai furfura, mai saurin fushi, wanda ba ya son a ja da maganarsa.

Zuwa 1966 lafiyar Hartnell ta soma taɓarɓarewa. Ciwon jijiyoyin jini ya sa haddar kalmomi tana ba shi wuya, ga shi ana ɗaukar shirin kusan kowane mako. Furodusa Innes Lloyd da editan labari Gerry Davis suka tsaya a kan wata shawara: tun da Dakta ba ɗan Adam ba ne, me zai hana jikinsa ya rikiɗa idan ya tsufa ko ya jikkata? A ƙarshen labarin The Tenth Planet, cikin Oktoban 1966, Hartnell ya faɗi a ƙasan jirginsa, fuskarsa ta washe da haske, sai ga fuskar Troughton.

Muhimmiyar shawarar ita ce ta biyu. Ba a nemo mai kama da Hartnell an ɗora masa farin gashi ba. An bar magajin ya zo da halinsa.

Sarki goma, zamani goma

Daktan Troughton kishiyar na Hartnell ne. Tufafinsa a yamutse suke, yana busa sarewa, yana nuna kamar shi wawa ne ko matsoraci, har abokin gaba ya raina shi, sannan ya ɗaure shi da igiyar da ya murza da kansa. Hartnell da kwarjini yake jan ragama, Troughton da wayo. Wannan salo na ɓoye kaifin hankali a bayan shirme shi ne mafi yawan magadansa suka gada, kuma Matt Smith, Dakta na 11, ya sha faɗin cewa a wurin Troughton ya ɗauki darasi.

Jon Pertwee ya karɓa a 1970, shekarar da shirin ya koma mai launi. Labari ya nuna cewa mutanen Dakta, waɗanda ake kira Sarakunan Lokaci, sun yanke masa hukuncin zaman gudun hijira a doron ƙasa, inda ya zama mai ba da shawara kan kimiyya ga wata rundunar soja mai suna UNIT. Shi ne Daktan da ya fi kusa da rayuwar ofis: yana da ɗakin gwaji, yana da shugaban da suke yawan saɓani, kuma ba ya rabo da cacar baki da jami'an da ake turowa daga ma'aikatu. Ga ado, ga isa, ga iya faɗa da hannu.

Tom Baker, wanda aka ɗauko yana aikin leburanci a wurin gini a 1974, ya riƙe kujerar zango bakwai, har 1981. Babu wanda ya kai shi daɗewa. Dogon mayafin wuyansa, da zare idonsa, da alewar da yake miƙa wa maƙiyi a tsakiyar tashin hankali, su suka zama hoton Dakta a zukatan mutane da yawa. A 1979 wani kashi na labarin City of Death ya samu masu kallo miliyan 16, duk da cewa yajin aikin da ya rufe tashar ITV a lokacin ya taimaka. Sai dai daɗewar ta bar baya da ƙura. Bayan shekara bakwai jama'a sun daina bambanta kujerar da mai ita, don haka masu shirin suka nemo wanda ya fi kowa nisa da shi: Peter Davison, matashi ɗan shekara 29, mai sanyin hali, cikin kayan wasan kurket.

Idan miƙa ragama ta zo da gardama

Labarin Colin Baker, Dakta na shida, shi ne mafi ɗaci. An tsara masa ya fara a matsayin mai girman kai da kaushin hali, da nufin ya yi laushi sannu a hankali. A labarinsa na farko, a 1984, har shaƙe abokiyar tafiyarsa ya yi cikin ruɗanin rikiɗa. Aka kuma ɗinka masa wata riga mai launuka barkatai. Kafin halin ya kai ga yin laushi, shugabannin BBC suka dakatar da shirin na wata 18 a 1985, kuma a ƙarshen 1986 suka ba da umarnin a sauya shi. Baker ya ƙi dawowa a ɗauki fitar rikiɗarsa. Dole magajinsa, Sylvester McCoy, ya sa hular gashi ya kwanta a madadinsa, ya miƙa wa kansa ragama.

Sauyin bai ceci shirin ba. A Disambar 1989 aka daina shi, kuma ban da fim guda da Paul McGann ya fito a 1996, talabijin bai sake ganin Dakta ba sai 2005. Daga baya, da Colin Baker ya koma rawar a wasannin murya na kamfanin Big Finish, da rubutu mai kyau a hannunsa, masu sauraro da dama suka sauya ra'ayi a kansa. An sallami ɗan wasa a kan laifin da mafi yawansa na marubuta ne da masu riƙe da kasafin kuɗi.

Dawowar 2005

Russell T Davies ne ya farfaɗo da shirin a Maris 2005, da Christopher Eccleston. Wannan Daktan ba shi da ado sai baƙar rigar fata, yana magana da harshen arewacin Ingila, kuma yana ɗauke da nauyin wani yaƙi da ya shafe mutanensa. Kashi 13 kawai ya yi ya tafi. Bayan shekaru ya bayyana cewa dangantakarsa da jagororin aikin ta lalace tun a farkon ɗauka. Tafiyar tasa ta yi wani amfani da ba a tsara ba: sabbin masu kallo sun koyi dokar rikiɗa tun a zangon farko.

David Tennant ya zo da fara'a, da saurin magana, da zuciya mai saurin kamuwa da ƙauna, kuma a zamaninsa kashin Kirsimetin 2007 ya samu masu kallo sama da miliyan 13. Matt Smith, wanda aka zaɓa yana ɗan shekara 26, ya fito kamar tsoho da aka zuba a jikin yaro. Peter Capaldi ya hau yana da shekara 55, daidai shekarun Hartnell, ya dawo da tsaurin ido da kokwanton ko shi mutumin kirki ne. Idan aka jera su, tsari guda ke bayyana: kowane magaji ana zaɓensa ne don ya cike giɓin da magabacinsa ya bari.

Har batun wa'adi ya taso. Wani labari na 1976 ya kafa dokar cewa sau 12 kaɗai ake rikiɗa, wato rayuwa 13. Marubutan lokacin ba su zaci za a kai can ba. A 2013 aka kai, domin bisa lissafin labarin Smith ne na ƙarshe. Sai marubuci Steven Moffat ya sa Sarakunan Lokaci suka ba Dakta sabon zubi na rayuwa a kashin Kirsimetin shekarar. Tazarce ce, amma ta kujera, domin a wannan daren Smith ya sauka.

Waɗanda ke riƙe gida

Ba Dakta kaɗai ake sauyawa ba. Sauyin farko a tarihin shirin na Carole Ann Ford ne, mai fitowa a matsayin jikarsa Susan, wadda ta bar aikin a 1964. Tun daga nan abokan tafiya ke zuwa suna wucewa, kuma sau da yawa su ne gadar da mai kallo ke bi ya tsallaka daga wani Dakta zuwa wani. Ben da Polly ne suka tsaya suna gardamar ko Troughton shi ne mutumin da suka sani. Sarah Jane Smith da Birgediya Lethbridge-Stewart ne suka karɓi Tom Baker daga hannun Pertwee. Rose Tyler, wadda Billie Piper ta fito a matsayinta, ita ta yi zaman jinyar Tennant a kashinsa na farko, tana kokwanto a madadin 'yan kallo, har ta gamsu.

Duk wanda ya taɓa aiki a ma'aikatar da aka sauya wa minista ya san wannan matsayi. Sabon shugaba na zuwa da salonsa, amma waɗanda suka san inda kowane fayil yake su ne ke hana aiki tsayawa. A 2010 masu shirin suka yi kasadar sauya komai lokaci guda: sabon Dakta, sabuwar abokiyar tafiya, sabon jagoran marubuta. Sun tsira ne saboda kashin farko ya fara da gina amana tsakanin Smith da wata yarinya mai suna Amelia Pond, kafin ya nemi amanar mai kallo.

Mace, sannan ɗan Afirka

A Yulin 2017 aka sanar da Jodie Whittaker, mace ta farko da za ta ja ragamar shirin. An yi ta ce-ce-ku-ce, amma kashinta na farko a 2018 ya samu masu kallo sama da miliyan 10. Adadin ya ragu daga baya, kuma har yanzu ana muhawara a kan kason laifin da ya rataya a wuyan rubutu. Daktanta mai haba-haba da jama'a ce, tana tafiya da abokai uku tana ɗaukarsu tamkar dangi.

Bayan ɗan dawowar Tennant a bikin cika shekara 60 a 2023, sai Ncuti Gatwa ya karɓa. An haife shi a Kigali a 1992, iyalinsa suka tsere wa kisan ƙare dangin Ruwanda a 1994 suka zauna a Sikotilan. Shi ne baƙar fata na farko da ya zama babban jarumin shirin, duk da cewa Jo Martin ta riga ta fito a matsayin wata Dakta ta daban a 2020. Daktansa ba ya ɓoye hawaye, kuma launin fatarsa ya shiga cikin labari. A wani kashi na 2024, wasu mutane sun gwammace halaka da a ce shi ya cece su. A Mayun 2025 kuma aka nuna The Story and the Engine, wanda ya gudana a wani shagon aski a Legas, inda Dakta ke zuwa don ya ji ya saje da mutane. Marubucinsa, Inua Ellams, haifaffen Jos ne. Zango biyu Gatwa ya yi. Ranar 31 ga Mayu, 2025, ya rikiɗa, sai ga fuskar Billie Piper, tsohuwar abokiyar tafiya, ba tare da an bayyana ko ita ce sabuwar Dakta ba.

Abin da ba ya rikiɗa

A duk waɗannan fuskoki akwai abubuwan da ba a taɓa ba. Dakta ya fi dogara da tunani da magana a kan makami, yana tsayawa tare da mai rauni, ba ya ga maciji da azzalumin mai mulki, kuma ba ya zama wuri guda. Muddin waɗannan suna nan, shekaru da jinsi da launi da lafazi duk ana iya sauya su.

Kwatanta jaruman kuwa yana buƙatar shaida, kuma a nan BBC ta yi wa kanta illa. Tsakanin 1967 da 1978 ta goge ko ta zubar da ɗimbin tsoffin shirye-shirye don sake amfani da faifai da rage cunkoson ɗakin ajiya. Abin da ya tsira, da yawansa kwafin da aka sayar wa tashoshin ƙasashen waje ne. Kafin ganowar Jos, kashi 106 ne suka ɓace. Bayanta suka koma 97. Labarin The Enemy of the World, wanda a da kashi ɗaya kawai aka sani daga cikin shida, ya cika, aka ga Troughton yana fitowa a matsayin Dakta da kuma mugun labarin a lokaci guda. Gani ya kori ji, darajar labarin ta ɗaga a idon masu sharhi.

Kashi na uku na The Web of Fear, inda Lethbridge-Stewart ya fara haɗuwa da Dakta, ba ya cikin waɗanda suka koma Landan. Haka kashi na huɗu na The Tenth Planet, wanda a cikinsa aka yi miƙa ragamar farko, an goge shi tun tuni. Abin da ya fi shahara daga ragowarsa shi ne 'yan daƙiƙun da wani shirin yara mai suna Blue Peter ya taɓa aro ya nuna, inda fuskar Hartnell ke narkewa ta zama ta Troughton.