Kitsen Damo

A duk sarakunan ƙasar Kano, damo ne kaɗai ba a taɓa jin an cire wa rawani ba. Ƙaraye ta ga sauyi iri-iri: a 2019 aka ɗaga ta zuwa masarauta mai daraja ta ɗaya, a Mayun 2024 aka rushe ta, bayan wata biyu aka maido ta da daraja ta biyu, tana riƙe da Ƙaraye da Rogo. Shi kuwa sarkin haƙuri yana nan a gindin shuri da sarautarsa, ba mai ja da shi.

Yaran birni kan haɗa shi da guza. Guza dogo ne siriri, yakan kai mita 2, mazaunin bakin ruwa, kuma tun da aka gama dam ɗin Chalawa a 1992 ya samu fili son ransa. Gaggawa gare shi, kafin ka ɗaga sanda ya faɗa ruwa. Damo ɗan tudu ne, gajere mai kauri, da ƙyar yake wuce mita 1, kansa guntu, jikinsa launin ƙasar gona.

Me ya sa aka naɗa shi? Na farko dai don ana kama shi ya yi lamo, wani lokaci har ya yi kamar ya mutu. Amma babban haƙurinsa yana inda ido ba ya gani. Da ruwa ya sauka, damo ba ya zama. Yini yake yana zaga gona yana zaro harshensa mai baki biyu, da shi yake shinshino abinci: gyare, fara, katantanwa, buzuzu, har kunama. Ƙadandoniya ma, wadda tsuntsaye da yawa ke ƙi saboda ruwan ɗacin da take fitarwa, an lura yakan yi ta goga mata haɓa sai ta zubar da ɗacin sannan ya haɗiye ta. Abin da ya ci ya zama kitse, ya tara a ciki da gindin wutsiya. Idan hunturu ya kama, ƙwari suka ɗauke, sai ya shige rami ko kogon itace ya rage motsi. Masu bincike a Sanagal sun tarar yakan shafe wajen rabin shekara bai sa komai a baki ba.

To, wannan shi ne haƙurin da ya ba shi sarauta, kuma da guzuri yake yin sa. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, gaskiya ne, amma sai da itace a murhu.

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, ba kalmar da talaka ya fi ji daga bakin manya kamar "a ƙara haƙuri". Ni dai a ganina, wanda zai ce wa manomin Rogo ya zama damo, ya fara tambayarsa me ke rumbu. Iyayenmu sukan daɓe rumbu su rufe, ba a taɓawa sai damina ta yi tsakiya, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Yau masara tana barin gona, bashin taki da na maganin feshi na tsaye a ƙofar gida, sai a loda ta a mota zuwa kasuwar Dawanau. Ana cewa kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Wannan manomin bai sani ba, dole ce ta sa.

Kuma kada a manta, shiru-shiru ba tsoro ba ne. In tura ta kai bango, damo kan kumbura jiki, ya yi huci, ya zabga wutsiya. In ya kafa haƙori a yatsa ba ya saurin saki. Mafarauta sun san haka, shi ya sa ta wuya suke damƙarsa.

Abin takaici, tanadin nasa shi ke jawo masa ajali. Man damo kaya ne mai daraja a wurin masu maganin gargajiya, ga nama, ga fata ta dukawa. Da rani, lokacin da yake kwance ba ƙarfi, ake cinna wa daji wuta, karnuka su nuna rami a haƙo shi. A Gana da Togo da Benin kuma 'ya'yansa ake kwasa dubbai kowace shekara, a kai Turai da Amurka a sa a akwatin gilashi don kallo, duk da cewa yarjejeniyar CITES ta ce cinikinsa sai da takardar izini. Can ma kitsen ne ke kashe da yawansu, don masu su ba su san yana azumi ba, sai su yi ta ɗura masa ɓeraye rani da damina.

Manomin da ya bari aka haƙe na gonarsa ya yi asarar ma'aikacin da ke tsince masa gyare da kunama ba ko sisi. Baɗi shi zai sayi maganin ƙwarin, kuma da bashi.