Abin da Ke Ƙarƙashin Ƙeya

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, da wuya a ga ɗan acaɓa ko fasinjansa da hular kwano. Idan babur ya kwashe da mutum ya bugu a ƙeya, jini jama'a ke fara nema. In babu, sai a ce Allah ya kiyaye, a karkaɗe masa riga ya tafi gida. Likitoci kuwa irin wannan faɗuwar ce ke tayar musu da hankali.

A gindin ƙashin ƙeya akwai wani babban rami, ta nan laka ke fita ta gangara cikin ƙashin baya. Daf da ramin tushen ƙwaƙwalwa yake, mai kula da numfashi da bugun zuciya. A bayansa ƙaramar ƙwaƙwalwa ce: girmanta kusan kashi 10 cikin 100 ne na duka ƙwaƙwalwa, amma fiye da rabin ƙwayoyin jijiyar kai a cikinta suke. Ita ke hana mutum tangaɗi, ita ke sa hannu ya kai loma baki ba kuskure. Sama da ita kuma sashen gani ne, shi ya sa bugu a ƙeya kan sa a ga wuta-wuta, wani ma ya makance alhali idonsa lafiya lau.

Wurin a matse yake ƙwarai. Jini kaɗan ya taru a ciki, sai ya danne tushen ƙwaƙwalwa. Wanda ya tashi da ƙafarsa da la'asar yana iya fara amai bayan isha'i, kai ya riƙa sara masa, tafiya ta zama kamar ta mashayi, barci mai nauyi ya ɗauke shi. A nan ba a jiran gari ya waye; asibitin Rasheed Shekoni ake nufa, in abin na tiyata ne a wuce Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ba bugu kaɗai ke taɓa wannan wuri ba, akwai kuma sanƙarau, wanda Jigawa ta ɗanɗana kuɗarsa. Ƙwayar cutar na kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, sai wuya ya ƙage, mara lafiya ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ga zazzaɓi mai zafi, haske ma ba ya son gani. Jariri kuwa ba lallai wuyansa ya sanƙare ba, maɗigarsa ce kan kumbura ya ƙi kama nono, kuma a nan iyaye suka fi ruɗewa har su ɓata kwanaki kan rubutu da turare.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce daga Oktoban 2022 zuwa tsakiyar Afrilun 2023, mutum 1,686 aka yi zargin sun kamu a Nijeriya, 124 suka rasu, kuma kashi 74 cikin 100 na waɗanda ake zargin 'yan Jigawa ne. Cutar ta fi ƙarfi daga hunturu zuwa bazara, lokacin ƙura da kwana a cunkushe. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da allurar Men5CV, mai kariya daga nau'i biyar na ƙwayar, aka yi wa masu shekara 1 zuwa 29.