Ba Kowane Mai Gyangyaɗi Ne Rago Ba

'Yan'uwa manoma, idan muka ga mutum yana gyangyaɗi a gona tun da hantsi, mukan ce rago ne. Amma wani lokaci ciwo ne. Akwai wani ciwon gado da ake kira ciwon Pompe, sunan likitan ƙasar Holan wanda ya fara bayyana shi a 1932.

Naman jikinmu yakan ajiye sukari kamar yadda muke zuba hatsi a rumbu. Jiki kuma yana yin wani sinadari mai narkar da wannan ajiya. Mai ciwon nan ba shi da isasshen sinadarin. Sai sukarin ya yi ta taruwa har ya ɓata naman, ƙarfi ya ragu. Tashi daga tsugune ma sai da dafa ƙasa.

To, ina ruwan wannan da barci? Tsakanin ƙirji da ciki akwai wani shimfiɗaɗɗen nama mai jawo iska cikin huhu, kamar zugazugin maƙeri. Idan ya yi rauni, da mutum ya kwanta rigingine sai kayan ciki su danne shi, numfashi ya kasa. Gurɓatacciyar iska ta taru cikin jini. Mutum ya yi ta farkawa da dare, ya tashi da ciwon kai, da rana barci ya dame shi. Sukarin yakan taru har cikin jijiyoyin da ke kawo saƙo daga laka zuwa naman, saƙon kuwa ya iso da rauni.

Ana gadonsa daga uba da uwa duka biyu, kamar sikila, ko da su lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki, rabon yaron ya same shi 1 ne cikin 4. Haɗarin ya fi yawa a auren zumunci. Ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa wurin wani, kada kuma a ɗora wa uwa laifi.

Ciwon ba shi da yawa. Amma in mun ga alamun nan tare, mu kai mutum babban asibiti, gama ana gane shi ta gwajin jini. Tun 2006 akwai maganin da ake ɗurawa ta jijiya kowane mako 2, sai dai yana da tsada ƙwarai. Akwai kuma na'urar taimakon numfashi da dare.

A gida, a ɗaga masa kai da ƙirji in zai kwanta. Kada a ba shi maganin barci ko giya, domin suna ƙara rage numfashi. A ƙungiya kuma, mu karɓi fartanyarsa, mu ba shi awon hatsi ko riƙon littafin lissafi.